A Sayi Bindiga Tare Da Alkawarin Gyaranta

Duk wanda ya taɓa sayen keken ɗinki ko injin ban ruwa a kasuwar Sabon Gari ta Zariya ya san tambayar da ake yi wa mai kanti kafin a ƙirga masa kuɗi: idan ya lalace ina za a kai shi, kuma akwai kayan gyaransa? Wannan tambaya ta mai sayen keke ita ce ta kamata hukuma ta riƙa yi wa masu sayar mata da ƙananan bindigogi, irin waɗanda hafsoshin 'yan sanda suke ratayawa a ƙugu a Sabon Gari da Samaru.

Dalilin da ya sa maganar ta rataya a wuyan hukuma shi ne Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a cikin jerin makaman da aka hana mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Haka kuma ba a buɗe wurin gyaran bindiga sai da izini. Saboda haka galibin ƙananan bindigogin halal da ke ƙasar nan kayan gwamnati ne, da kuɗin jama'a aka saye su, kuma babu wani makaniki na bakin titi da doka ta yarda a kai wa su.

Bindiga kuwa inji ce, tana tsufa kamar kowane inji. Sifirin da ke mayar da saman fistol mazauninsa bayan harbi yana saki bayan dubban harsasai. Allurar da ke dukan gindin harsashi tana cinyewa ko ta karye. 'Yar ƙugiyar da ke fizgo kwanson harsashi tana dakushewa, sai kwanso ya maƙale, bindiga ta ƙi tashi. Zanen da ke cikin bututu, wanda ke murza harsashi ya tafi sak, yana shafewa a hankali. A Zariya akwai ƙarin abu biyu: ƙurar hunturu da ke cakuɗuwa da mai ta zama kamar yashin goge ƙarfe, da laimar damina da ke kawo tsatsa. Bindigar da ba a harba ta ba ko sau ɗaya tana iya lalacewa a cikin kubenta.

To, mene ne matsayin kamfanin da ya ƙera ta? A Amurka, inda farar hula suke sayen bindiga a kanti, kamfanin Smith & Wesson ya ɗauki alkawarin gyara wa mai sayen farko duk aibin ƙira muddin bindigar tana hannunsa, ga waɗanda aka saya daga 1989. Kamfanin Ruger kuwa ba ya ba da garanti a rubuce, amma yana karɓar kayansa ya gyara. Sai dai garanti yana ɗaukar aibin ƙira ne, cinyewar yau da gobe tana kan mai kaya. Ban da haka, ɗan sandan da ke Samaru ba shi da hanyar aika bindigar gwamnati ƙasar waje ta gidan waya.

Akwai kuma ranar da kamfani yake daina ƙira. Fistol ɗin Browning Hi-Power mai cin harsashi 13, wanda kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya fitar a 1935, ya yi wa sojojin ƙasashe da dama aiki shekaru fiye da tamanin, amma a 2018 aka ba da sanarwar an daina ƙera shi. Duk rundunar da ba ta tanadi kayan gyaransa ba, dole ta shiga neman su da tsada.

Ko shakka babu Nijeriya ba ta rasa inda za ta dogara ba. Tun 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a Kaduna, tafiyar kamar kilomita 80 daga Zariya, kuma an sabunta dokarta a 2023. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da sashen nazarin ƙarafa da na injiniyan injuna, inda ake koyar da yadda ƙarfe yake gajiya har ya tsage.

Abin da ya kamata a yi bai fi uku ba. Na farko, kada a sa hannu a kan kwangilar sayen bindigogi sai an rubuta yawan shekarun da kamfani zai ci gaba da kawo kayan gyara, da horon da zai ba masu kula da ma'ajiyar makamai. Na biyu, kowace bindiga ta sami katinta, a rubuta ranar da aka karɓe ta, da yawan harsasan da aka harba da ita, da ranar da aka canja mata wani abu, kamar yadda ake yi wa motar gwamnati. Na uku, a nemi izinin ƙera ƙananan kayan gyaran a Kaduna, malaman Samaru su riƙa gwada ingancinsu.

Wani zai ce wannan zai ƙara wa kwangila tsada. Gaskiya ne. Amma ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗin ya tuna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Bindigar da ta ƙi tashi a gaban ɗan fashi ran ɗan sanda ta jefa cikin haɗari, wadda kuma ta tashi ba a so ba tana iya hallaka mai wucewa a bakin kasuwa. Allah ya sa masu sayayya da sunan jama'a su riƙa yin tambayar nan ta mai sayen keke tun kafin a biya kuɗi.