FILIN MATA: Ƙuna, Ruwa Ne Maganinta Na Farko

'Yan'uwana matan aure da 'yan makaranta, ga Salla ta matso. Na san hankalinku yana wajen tela da mai kitso, amma ku ba ni aron kunne kaɗan.

Yaran yanzu in sun sami goron Salla, sai su kai wa mai tireda su sayo abin nan mai ƙara da su ke kira nokawut. Albarushi ne fa a ƙunshe cikin takarda, ɗan'uwan wanda 'yan bindiga ke ɗurawa ran hawa. 'Yan sandan Kano sun sha hana shi lokacin bukukuwa, amma hanin bai cika isowa lungu ba. A Ikko, ran 26 ga Disamba 2012, wani ɗakin ajiyarsa ya kama wuta a unguwar Jankara, gidaje suka ƙone, mutane da yawa suka ji ciwo. Mu kuwa daga Kwanar Dangora zuwa Kiru da Doguwa, ga kara jibge a bayan gida, ga rumbu, ga jinka busasshiya. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Uwar gida, in kin iya hanawa ki hana. In ya fi ƙarfinki, to, kada yaro ya riƙe shi a hannu bayan ya kunna, kada ya sa a kwalba, kada kuma ya koma duba wanda ya ƙi tashi. Wannan na ƙarshen yana cin yatsu.

To, in ƙuna ta auku fa? Ruwa. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi, na randa ko na famfo, har minti 20. Ba ƙanƙara ba, don ita ƙara ɓata fatar ta ke yi. Ana cikin zubawa a zare zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne a bar ta. In riga ko mayafi ya kama, kada yarinya ta ruga, gudu hura wuta ya ke yi. A kwantar da ita, a lulluɓe ta da bargo, ta mirgina. Yadin roba ya fi muni, don narkewa ya ke a jiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne taron maƙwabta masu ba da magani. Wannan ta ce manja, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, wata ta kawo man goge baki ko baƙin mai. Duk ba su sanyaya naman, sai datti da su ke kai masa, kuma a asibiti sai an wanke su, yaro yana ihu. Kashin shanu kuwa yana iya kawo cutar nan mai ɗaure muƙamuƙi. Ki gode musu, ki ci gaba da ruwanki.

Bororo kada a fasa shi. A rufe wurin da ƙyalle wankakke, sako-sako. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko tana fuska, ko hannu, ko al'aura, sai asibiti mafi kusa ran nan, ba a jira a sauko daga hawa ba. Mai tsanani a kan tura ta Kano, Asibitin Murtala ko na Dala. In ido ne, kada a murza, kada a ɗiga kome. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kai, a ɗaure, a nemi mota.

Allah ya kai mu Salla lafiya. Sai mako mai zuwa.