Kwamfuta Ba Ta Ƙirga Abin Da Ba A Nuna Mata Ba

Ranar Laraba ita ce ranar Kasuwar Oil Mill ta Fatakwal, wadda take ci a Rumukwurushi, bakin hanyar Aba. Cikin dubban mutanen da suke cika ta akwai 'yan Arewa masu sayar da albasa da wake da tumatir da busasshen kifi. Da yawansu kuwa kayan ba nasu ba ne. Mai kaya yana can Aliero ko Kano ko Gashuwa, ya loda mota ya turo, sa'an nan ya zauna jiran dillalinsa ya aiko da kuɗi da bayanin ciniki. Haka abin yake a Anaca da Inugu. Watau dai jarin wannan sana'a biyu ne, kuɗi da amana.

A da, lissafin duk a littafi yake, wani da boko wani da ajami. Amma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da ciniki ya koma ta waya da na'urar POS, samari masu ɗan ilmin boko suka fara riƙe wa iyayen gidansu lissafi a Excel ko Google Sheets. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Sai dai akwai wani ɗan abu cikin waɗannan manhajoji da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san shi sosai, domin yana iya kashe rigima, yana kuma iya tayar da ita.

Shafin lissafin kwamfuta gida-gida yake, kamar gidajen dara. Idan mutum ya ja linzami ya zaɓi wasu gidaje masu lambobi, nan take sai amsa ta fito a ƙasan allo ba tare da ya rubuta kome ba: ga jimlarsu, ga matsakaicinsu, ga adadin gidajen da ya zaɓa. In ya so, tana nuna masa mafi ƙanƙanta da mafi girma. Irin wannan shafi ya soma ne da VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka cikin 1979. Excel ya biyo baya a 1985, aka ƙara masa wannan jimla ta ƙasan allo a fitowarsa ta 1995, kuma daga 2007 ya riƙa nuna jimla da matsakaici da adadi a lokaci guda.

Amfanin abin a fili yake. Lissafin da yaro zai kwana yana bugawa a kalkuleta, yanzu cikin ƙiftawar ido ne. To, amma fa kwamfuta abin da aka zaɓa mata kaɗai take ƙirgawa. Ba ta san buhu nawa aka sauke daga mota ba. In hannun yaro ya tsaya a layi na 19 alhali layukan 20 ne, za ta ba shi jimla ba tare da ta ce uffan ba. Haka kuma in an rubuta kuɗi da harafi a manne, kamar N45,000, sai ta ɗauke shi rubutu ne ba lamba ba, ta tsallake shi cikin jimla. In an tace shafin domin a ga cinikin mutum ɗaya aka manta ba a mayar ba, layukan da suka ɓuya ba za su shiga ba.

Kada wani ya ce wannan kuskuren marasa ilmi ne. A 2010 wasu manyan malaman tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike kan bashin gwamnatoci, wanda 'yan siyasa a Turai da Amurka suka kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. Sai a 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya duba shafinsu na Excel, ya tarar wajen fitar da matsakaici ba su zaɓi layukan duka ba, ƙasashe 5 cikin 20 sun zube. In haka ta faru ga shaihunnan malamai, ina ga yaron da yake lissafi a kan buhu, rana tana dukansa, masu saye suna kiransa?

Wanda ya fi duka haɗari shi ne matsakaici. A ɗauka dillali ya sayar da buhu 10 na albasa a kan naira 60,000 da safe, kasuwa ta faɗi, ya sayar da sauran 90 a kan 40,000. In yaro ya zaɓi farashin nan biyu, kwamfuta za ta ce matsakaici 50,000 ne. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta san buhu nawa ke bayan kowane farashi ba. Kuɗin da ya shigo naira 4,200,000 ne, watau 42,000 kowane buhu. Mai kayan da aka gaya wa 50,000 ta waya zai sa ran 5,000,000. Ran da kuɗi suka iso ya ga babu 800,000, me zai ce da dillalin da suka shekara ashirin tare? Ga zumunci ya ɓaci, ga sunan mutum ya zube a kasuwa, alhali ba wanda ya ci ko kwabo.

Saboda haka shawara ga iyayen gida ita ce kada su sakar wa yara wannan aiki su juya baya don wai su ba su yi boko ba. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya iya ƙirga buhu a mota zai iya duba lamba uku a ƙasan allo. Ya fara tambayar adadi kafin jimla: layi nawa aka zaɓa, sun yi daidai da cinikin da ke littafi? In ana son sanin yadda buhu ya kama, a raba jimlar kuɗi da yawan buhuna, a ƙyale matsakaicin kwamfuta. Kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada kowanne ya sami layinsa. Sa'an nan a sani, wannan amsa ta ƙasan allo ba ta zama, da an ɗaga hannu an taɓa wani gida ta ɓace. Jimlar da za a aika wa mai kaya dole a rubuta ta cikin shafin, a tura masa shafin gaba ɗaya ya duba da kansa ko ya ba ɗansa.

Ya kamata kuma Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Fatakwal da Anaca da Inugu su shigo cikin maganar. Su ne ake kai wa ƙara idan lissafi ya rikice, kuma nan gaba waya za a riƙa miƙa musu a matsayin shaida. Zama ɗaya da yamma, a sami wanda ya iya ya nuna wa dillalai da yaransu, ya isa. Littafin da aka saba da shi kuma kada a yar da shi, a riƙa gwada shi da na kwamfuta kowace ranar kasuwa kafin a tashi.

Allah ya ba 'yan kasuwa sa'a, ya tsare amana tsakaninsu.