Salansar Bindiga Ko Toshiyar Kunne: Wanne Maharbinmu Ke Buƙata?

A ƙasashe irin su Finlan da Nowe, maharbin da ya sayi ƙaramar bindiga mai harsashin .22 yakan haɗa da salansa, wato bututun rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Wannan harsashi faɗinsa milimita 5.6 ne, kuma maganin da ke tayar da wutarsa yana cikin gefen gindinsa, ba a tsakiya ba. Masu saye sukan duba nauyin salansar, da ko za a iya kwance ta a wanke, domin irin wannan harsashi yana barin toka da dalma da yawa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke mai suna Hiram Percy Maxim ya yi rajistar ta a 1909, kuma aikinta ɗaya ne da na salansar babur: tana tare iskar da ta fashe a cikin ƙananan ɗakuna, ta huce, sannan ta fita a hankali.

To, mu a Rano da Kibiya ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne kunne. Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel, kuma duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma. Hira tsakanin mutum biyu takan kai wajen 60. Wanda ya yini a cikin ƙarar da ta kai 85, kamar mai injin niƙa, jinsa zai riƙa raguwa sannu a hankali. Amma daga 140 zuwa sama, ƙara ɗaya tak tana iya yin ɓarna. Ƙaramar bindigar nan ta .22 tana kaiwa wajen 140, manya kuwa suna haura 160.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000. Su ne ke mayar da girgizar iska ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Idan ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Shiiin da mutum ke ji bayan harbi alama ce ta cewa sun jigata. Wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya san yadda wasunsu ke karkato da kunne ɗaya in ana magana, a ce tsufa ne, alhali sau da yawa albarushi ne.

Ra'ayina shi ne salansa ba ita ce maganinmu ba. Da farko, ba ta kashe ƙara kamar yadda finafinai ke nunawa. Abin da take ragewa tsakanin desibel 20 ne zuwa 35, kuma in harsashi ya wuce gudun sauti, wato kimanin mita 343 a daƙiƙa, yana yin tasa ƙarar a iska wadda babu bututun da zai tare ta. Sannan bindigar toka da maharbanmu ke ɗurawa ta baki ba a ƙera ta don a ɗaura mata komai ba. Dokar Makamai ta 1959 ma ta ɗora sharaɗin lasisi a kan mallakar bindiga, kuma a wannan zamani na rashin tsaro ba na jin akwai mai hankalin da zai so bindigogi su rage murya a karkara. Balle 'yan bindigar sarki a hawan salla, waɗanda ƙarar ce aikinsu. Mai son farautar shiru, ai kakanninmu sun bar masa baka da kibiya, sunan da garin Kibiya yake amsawa.

Abin da ya dace shi ne toshiyar kunne ta soso, irin wadda ma'aikatan masana'antu ke sawa. Kuɗinta kaɗan ne, in an sa ta daidai kuwa tana rage desibel 20 ko fiye, kusan abin da salansa ke yi. Auduga busasshiya ba ta wadatar ba. Ga 'yan kallo, musamman yaran da ke tururuwa kusa da 'yan bindiga a ƙofar fada, nisa ne kariya: a fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana sauka da desibel 6. Malaman kimiyya na sakandare za su iya sa ɗalibai su lissafa bambancin tsayuwa a mita 2 da mita 16, su kai amsar gida kafin salla mai zuwa.