Tsinuwa Ba Dabara Ba Ce: Malamai da Wasan Shiga Rigar Jarumi

A duk inda malamai suka taru a ƙasar Adar da ta Ƙwanni, ko a zauren shawara na makaranta, ko a taron ƙungiyar raya al'adu, da wuya a watse ba a tsine wa wasannin bidiyo ba. Hukuncin kuwa ɗaya ne kullum: shirme ne, ɓata lokaci ne, tarkon Nasara ne, a ƙwace salula, a kulle gidajen wasa, kowa ya huta. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, domin mafi yawan masu yanke shi ba su taɓa zama sun dubi abin da suke yi wa shari'a ba. Alƙalin da ya yanke hukunci bai saurari ƙara ba, ko da ya dace da gaskiya, bai yi adalci ba.

Wasannin nan iri-iri ne. Mafi yawan yaranmu ƙwallo suke bugawa ko harbe-harbe. Wannan maƙala za ta tsaya a kan nau'i guda, wanda ya fi kowane kusa da aikinmu na malaman harshe da adabi, wato wanda Faransawa ke kira jeu de rôle. Na zaɓi in kira shi wasan shiga rigar jarumi, domin mai wasa yakan ɗauki matsayin wani gwarzo a duniyar almara, mai dodanni da aljanu da birane na ƙage, ya yi tafiya, ya yi zaɓi, ya ɗauki sakamakon zaɓinsa.

Asalin Abin

Abu na farko da masu tsinuwa ba su sani ba shi ne wannan wasa bai faro daga na'ura ba. A shekara ta 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Kayan aikinsa takarda ne da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo. Mutum guda ke ba da labari, sauran kuma kowa ya kama rigar wani jarumi, yana faɗin abin da zai yi idan ya iske mararraba ko ya yi kiciɓis da dodo. Daga baya ne Japanawa da Amurkawa suka zuba wannan tsari cikin kwamfuta: Dragon Quest a 1986, Final Fantasy a 1987, World of Warcraft a 2004, Skyrim a 2011.

To, jama'a, mai ba da labari a tsakiya, masu sauraro a kewaye, dodo a bakin hanya: wane Bahaushe ne bai san wannan zama ba? Tatsuniya ce, sai dai an ba masu sauraro izinin sa baki cikin makomar jarumi. Abin da muka saki a dandali shi ne wasu suka tsinta, suka yi masa ado, suka dawo suna sayar wa ƴaƴanmu.

Dabarun Wasan

A zo ga abin da yaro ke yi idan ya duƙufa kan irin wannan wasa. A Final Fantasy na farko, kafin a ɗaga ƙafa, ana ba mai wasa sana'o'i shida ya zaɓi mutum huɗu da zai yi tafiya da su. Akwai mayaƙi mai ɗaukar sara, da ɓarawo mai zafin nama, da ɗan dambe, da masu sihiri iri uku, ɗaya cikinsu aikinsa warkar da rauni. Sabon shiga yakan cika ayarinsa da masu ƙarfi zalla, sai tafiya ta yi nisa, raunuka su taru, babu mai magani, kuɗi su ƙare wajen sayen magunguna. Nan yake gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma rarraunan nan da ya raina shi ne ginshiƙin ayari.

Dabara ta biyu ita ce tattali. Guzuri ƙidayayye ne, kuɗi ƙidayayyu ne. Wanda ya shanye magungunansa a kan ƙananan abokan gaba zai iske babban dodo hannu rabbana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta uku ita ce sanin abokin gaba: kowane dodo da lagonsa, na ƙanƙara wuta ke cinsa, mai sulke mai kauri ba ya jin kibiya. Ta huɗu, wadda ta fi shafarmu, ita ce sauraro da karatu. Sirrin ƙofar da ta ƙi buɗewa yana bakin wata tsohuwa a ƙauyen da aka wuce, kuma wanda ya yi garajen tsallake maganarta sai ya koma baya. Yaron da muke kuka ba ya iya karanta shafi guda na littafin Faransanci, shi ne ke bin dogayen zantuka a fuskar salula, yana tambayar abokinsa ma'anar kalma, domin ya san in bai fahimta ba jaruminsa zai halaka.

Sannan a saurari gardamarsu. Wannan ya ce maharbi ya fi mai takobi, ga dalili. Wancan ya ce ƙarya ne, a cikin kogo mai ƙunci baka ba ta da amfani. Na uku ya raba gardama da cewa ya danganta da wurin da aka yi karon. Da'awa, da suka, da sasantawa. Ashe ba wannan ba ne muke shafe shekara muna neman cusa wa ƴan ajin ƙarshe da sunan rubutun muhawara, suna kallonmu kamar muna yi musu yaren aljanu?

Inda Masu Suka Suke da Gaskiya

Kada a ce na wanke wasan tas. Akwai abubuwa uku da dole a faɗa. Na farko, lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, jerin kuma ya soma aiki a 2022. Amma a lura da sharuɗɗan da ta gindaya: mutum ya kasa kame kansa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma a bisa al'ada a ɗauki wata 12 ana ganin haka. Yaron da ya bar aikin gona da salla da darasi saboda wasa yana bukatar a tsawata masa. Wanda ya yi sa'a guda bayan la'asar bai kamu da cutar kowa ba.

Na biyu, kuɗi. Wasu wasannin salula kyauta ake shigarsu, sai an yi nisa a fara tallar akwatunan sa'a, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta bayyana irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018. Uban da ya hana ɗansa zuba kuɗin katin waya a wannan rami ya yi daidai, kuma malami ya kamata ya mara masa baya.

Na uku shi ne wanda ba na jin masu tsinuwa suna ambata, alhali ya fi sauran zurfi. Ƙa'idar mafi yawan waɗannan wasanni ita ce: kashe, kwashe, ƙara ƙarfi. Jarumi na iya kutsawa gidan talaka babu sallama, ya buɗe akwatinsa, ya ɗebe abin da ke ciki, ya fita, kuma sau da yawa babu mai ce masa uffan. Ba shi da suruki, ba shi da maƙwabci, bai san kunya ba. Wannan ra'ayi ne game da duniya, kuma ra'ayi da ra'ayi ake karya shi. Ƙwace salula ba ya fitar da shi daga kan yaro.

Amma zancen wai wasan cike yake da sihiri da aljanu, don haka bai dace da ɗan Musulmi ba, sai mu yi wa kanmu adalci. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, jaruminsa har ƙasar aljanu ya shiga. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗan gasa ɗaya da shi, neman ruwan magani ne ta hanyar abubuwan al'ajabi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa daga labarin wani gwarzon Rasha aka juyo shi. Shekaru nawa muka yi muna karantar da su ba wanda ya ce mun fitar da yara daga addini? Yaro ya san bambancin almara da aƙida, in dai akwai babba a kusa da zai tattauna da shi.

Wa Ke Ba da Labarinmu?

Yayin da muke tsinuwa, wasu al'ummu aiki suke yi. Mutanen Folan sun ɗauki littattafan marubucinsu Andrzej Sapkowski sun gina The Witcher, kashi na uku ya fito a 2015 ya zagaye duniya. Sinawa sun ɗauko tsohon labarinsu na Sarkin Birai, na ƙarni na 16, sun yi Black Myth: Wukong a watan Agusta na 2024, aka sayi kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Kada a ce sai mai arziki: a Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokan aikinsa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, labarin wani yarima da matarsa da aka yi wa juyin mulki, ƙarfinsa kuma daga gadon kakanninsa yake samo shi.

Mu kuwa fa? A watan Agusta na 2021 kamfanin Microsoft ya ƙara Hausawa cikin wasan dabarun yaƙi na Age of Empires III, da Sarauniya Amina ta Zazzau, da barade masu lifidi. A 2025 wasan Civilization VII ya sanya Amina cikin shugabannin da ake zaɓa. Madalla da su. Sai dai matashin Birazil ko na Koriya da ya fara jin sunan Hausa ta wannan hanya, hoton da wasu suka zana mana yake gani, ba mu aka tambaya ba. Kuma ɗan Tajaye, wanda garinsa ke cikin gundumar Illela, mazaunin Sarkin Adar, yana iya jero maka daulolin Skyrim, bai taɓa jin sunan Agabba ba. Laifin na'ura ne wannan, ko namu?

Labari ba ya tsoron sauya mazubi. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, a bakin mutane take kafin Abdoulaye Mamani ya mai da ita littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mai da littafin fim a 1986. Kowane sauyi ya ƙara mata masu sani.

Abin Yi

Dokar Sake Gina Ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, shekaru fiye da 50 bayan buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973. Amma doka ba ta sa yaro ya yi mafarki da harshe. Harshen da ba a yin wasa da shi, ba a yin gardamar nishaɗi da shi, zai zauna a takardar hukuma kawai. Saboda haka ina ba da shawara uku.

Ta farko ga malamai. A shigo da gardamar cikin aji. A ba ɗalibai aiki: ga ayari na mutum huɗu, ga dodo ya tare rijiya kamar macijin Kusugu a Daura, kowa ya rubuta dabarar da zai bi da hujjojinsa, da Hausa tukuna, sannan da Faransanci. Kalmomin suna nan jibge, ƙura kawai ta rufe su: sulke, kwalkwali, garkuwa, kwari da baka, barde, maharbi, magori, baduhu, layar zana, kau-da-bara, sagau. Yaron da ya ga cewa harshensa na da sunan maganin ɓacewa tun kafin a ƙera kwamfuta zai dubi harshen da wani ido.

Ta biyu ga ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa na Ƙwanni da Malbaza da Illela. Ba sai an jira wutar lantarki ko intanet ba, tunda wasan da takarda ya faro. Tabarma, da takarda, da ƴan tsakuwa irin na dara sun isa. Amma a sauya ƙa'ida. A tsohuwar tatsuniyar ruwan Bagaja, ƴar bora ba da takobi ta ci nasara ba. Ladabin da ta yi wa abubuwan ban mamaki da ta gamu da su a hanya shi ya dawo da ita da arziki, ƴar mowa kuma rashin kunyarta ya dawo da ita da wulaƙanci. A gina wasan da cika alkawari da sallama da riƙon amana ke ƙara wa jarumi daraja, wanda kuma wayon Gizo ke fid da shi yau ya jefa shi rami gobe. Wannan ita ce amsarmu ga ƙa'idar kashe da kwashe.

Ta uku, a bi tsofaffi da alƙalami da na'urar ɗaukar murya tun suna raye, a tattara labaran mafarauta da ƴan tauri da fatake da sarakunan Adar da na Ƙwanni. A yi haka da izininsu, kuma abin da suka ce ba na wasa ba ne a bar musu. Matashin da zai rubuta mana wasan kwamfuta gobe, a Yamai ko Tawa ko Kano, ba zai iya gini ba sai ya iske tubali a ajiye.

Ƴan'uwana malamai, salula ta riga ta shiga aljihun ɗalibi, kuma babu takardar gargaɗi da za ta fitar da ita. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wane labari zai tarar a ciki, da wane harshe zai yi gardama a kansa, da kuma ko akwai babba a gefensa. Kafin taro na gaba, kowane ɗayanmu ya nemi ɗalibi guda ya ce ya bayyana masa yadda ake kayar da dodon da ya gagare shi, ya saurara har ƙarshe. Bayan haka sai mu zauna mu yi shari'ar.