Ba Fiyano Ce Ta Kashe Waƙa Ba

A Gusau da Tsafe da Bungudu, dattawa na kukan cewa fiyano da kwamfuta sun kashe waƙar Hausa. Ban yarda ba. Kayan kiɗa dama suna sauyawa: Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da kotso suka yi suna, na yau kuwa da situdiyo. Wanda ya ji yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020 ya san harshen bai mutu ba.

Ɓarnar tana filin biki. Sai a ɗauko mawaƙi da kuɗi masu tsoka, ya riƙe makirufo, a saki waƙarsa daga filashi, shi kuwa yana motsa baki kawai. Ɗanƙwairo a gaban sarki yakan ƙaro sabon ɗan waƙa nan take, 'yan amshi su karɓa, kuma ko wane kuskure kunnen jama'a zai kama shi.

Ku masu biki, ku sa sharaɗi tun wurin ciniki: a zo da makaɗa, a rera da murya. Wanda na'ura ce kaɗai ke riƙe masa murya, a bar shi a waya.