Litiyam: Kafin a Zuba Kuɗin Nema, Wa Zai Cike Ramukan?

Tun da Dele Alake ya karɓi Ma'aikatar Ma'adinai a watan Agustan 2023, magana ɗaya ake nanata mana: litiyam shi ne sabon man fetur, kuma abin da ya rage kawai gwamnati ta zuba kuɗi a binciken ƙarƙashin ƙasa, ta sassauta wa masu zuba jari, arziki ya kwararo Arewa. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam ta 'yan China a Jihar Nasarawa, wadda aka ce za ta ci tan 4,000 na dutse a kullum. A kasafin 2025 kuma Shugaba Tinubu ya nemi a ware wa fannin naira tiriliyan 1. Jama'a suka yi ta tafi. Ni ban tafa ba.

Ban musa cewa binciken ma'adinai na da tsada ba, kuma ɗan kasuwa ba ya zuba dukiyarsa a ƙasar da bai san abin da ke cikinta ba. To amma yaushe rashin sanin inda dutse yake ya taɓa zama ciwon Arewa? Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suke haƙar kuza a Jos da Bukur. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har aikin tilas aka kwashi talakawa daga lardunan Arewa suka yi a ramukan. A shekarun 1950 babu ƙasar da ta kai Najeriya fitar da kwalambait. Kamfanonin sun tafi. Abin da suka bar wa Filato shi ne kududdufai barkatai da gonakin da suka mutu, har yau mutane da dabbobi na nutsewa a ciki.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu sanin ɗacin wannan. Tun 1971 aka fara fitar da yuraniyom daga Arlit, aka yi shekaru ana haska biranen Faransa da shi, alhali Yamai ta daɗe tana dogaro da wutar da take saye daga Najeriya. Da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a 2021, tulin sharar da ke fitar da tururi mai cutarwa aka bar wa mutanen gari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai kuma Zamfara. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar Na-gari Na-kowa ne suka tsaya a kan marasa lafiya. Kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega kuwa, sai a farkon 2013 gwamnatin tarayya ta sake su, bayan an sha roƙo da kuka. Gwamnatin da ta yi wannan nawar wajen ceton yara ita ce yau take gaggawar nemo wa baƙi inda za su haƙa. An hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda 'yan bindiga, aka ɗage haramcin a Disambar 2024, kuma har yanzu manomin Anka bai iya zuwa gonarsa hankali kwance.

Ga inda gizo ke saƙar. Tsarin mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, don haka a Abuja ake ba da lasisi. Mai gona sai dai ya wayi gari ya ga motar haƙa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin ya fara aiki, ta kuma tanadi asusun gyara muhalli. Dagatai nawa ne suka taɓa ganin takardar da aka sa wa hannu da sunan mutanensu? An kafa dakarun tsaron ma'adinai 2,220 a 2024, amma wanda ya fi saurin shiga hannu shi ne yaro mai diga da buhu. Dillalin da ke sayen dutsen a farashin banza yana nan abinsa.

Idan har za a kashe dukiyar jama'a a wannan fanni, to a fara da biyan tsohon bashi. A cike ramukan Filato. A kafa dakunan gwajin dalma a asibitocin yankunan haƙa. Kada kamfani ya sami lasisi sai ya ajiye kuɗin gyaran wuri a hannun hukuma, kuma a karanta yarjejeniyarsa da Hausa ko harshen mutanen wurin a ƙofar fadar hakimi. Ƙananan mahaƙa a haɗa su ƙungiya-ƙungiya, a ba su kayan aiki da wurin sayarwa mai sikeli na gaskiya.

'Yan majalisar da ke wakiltar Nasarawa da Neja da Kaduna da Zamfara, ku ne kuke amincewa da kasafi. Kafin ku sake ɗaga hannu a kan kuɗin ma'adinai, ku nemi a nuna muku nawa aka ware wa garuruwan da za a haƙa.