Ƙarin ƙarfin inji ga babur: wa ke ɗaukar kasadar?

A garejojin Maraɗi da Damagaram, wasu matasa ba gyara ke kai su ba, ƙarin ƙarfi suke nema wa baburansu. Makanike kan faɗaɗa silinda ya sa fistan mafi girma, ya saki kaburata mai ya ƙara shiga, sannan ya huda salansa. Sai ka ji babur mai cc 125 yana ruri kamar na tsere.

Sai dai birki da tayoyi da sarƙa suna nan yadda kamfani ya ƙera su, daidai da ƙarfin farko. Gudu ya ƙaru, abin tsayawa bai ƙaru ba. Ga ɗan kabu-kabu kuwa, ko lissafin kuɗi bai fita ba: tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, man ruwa-ruwa ya daina araha, injin da aka taɓa kuma ya fi shan mai, ya fi saurin ɗaukar zafi a bazara.

'Yan sandan kan hanya takardu suke dubawa, ba sa leƙa cikin inji. Matar da ta hau da goyo zuwa kasuwa ba ta san an taɓa shi ba.